Me ya sa gungumen Mambila ke fitar da tsiro amma na Falgore ko ciyawa babu?

Ɗan Tudun Wada:
Salam 'yan uwa. Watan jiya na raka abokina Mambila muka shiga dajin Ngel Nyaki ta wajen Yelwa, wallahi duk gungumen da ya faɗi sai ka ganshi kore shar, gansakuka ta lulluɓe shi kamar bargo ga naman kaza a gefe, har 'yan ƙananan itatuwa sun tsiro a kansa. Na danna wani da yatsa sai ga ruwa. Mu nan Falgore icce zai faɗi ya shekara biyu yana nan fayau. Meye sirrin?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Danshi ne da inuwa ɗan uwa. Dajin Ngel Nyaki ya haura mita 1,400 a sama, hazo na kwana a cikinsa, rassa sun haɗe rana ba ta dukan ƙasa sosai. Ita gansakuka ba ta da saiwa irin ta sauran tsirrai, ta jikinta take shan ruwa, da ta kama gungume sai ta riƙe ruwan kamar soso, ganye ya zubo ya ruɓe a kai, iri ya faɗo ya samu shimfiɗa a sama inda ba ya kokawa da ciyawar ƙasa. Amma fa sai iccen ya yi laushi ɓawo ya saki, sabon faɗuwa ba ya ɗaukar komai. Ku kuwa wajen wata bakwai ba ruwa, hunturu ya ƙone shi, gara ta shiga ta ciki, kafin ya ruɓe gobarar daji ta zo ta lashe.

Tsohon Mai Gawayi:
Malam ka manta irin iccen. Kirya ko gara sai ta yi da gaske, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, za ta daɗe kwance ba ta yi laushi ba. Kuka kuwa da ta faɗi sai ta zube kamar tsumma, ba ta ma tsaya ta zama gungume. Yaro je bakin rafi cikin Agusta ka juya wanda ya kwanta a inuwa, ɓangaren da ya taɓa ƙasa za ka samu farin zare-zare da naman kaza. Da sanda za ka juya fa, kunama na son wurin.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba. Kunamar ma ta taɓa harbina a haka ina tsintar itace, sandar dai zan riƙe.