F-350 da ɗakin tafi-da-gidanka a baya: tangaɗi da tsalle sun yi yawa, daga ina za a fara gyara?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Motar Ford F-350 ce mai shan dizal, doguwar baya, taya ɗai-ɗai a baya ba mai bibbiyu ba. Tayoyin LT275/70R18 ne, kowace an ba ta iska psi 80 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). An ɗora mata ɗakin kwana irin wanda ake zurawa a bodin a-kori-kura, gabansa ya hau saman kan direba. A takarda nauyinsa kilo 1,450 ne, tankin ruwansa lita 150. An sa mata balan-balan ɗin iska na kamfanin Air Lift, masu taya sifirin tallafar kaya, a baya, psi 70, kuma bututu ɗaya ke ba su iska su biyun.

Matsala uku ce. A kwana, ko idan tirela ta gifta, sai ta riƙa tangaɗi hagu da dama. A manyan titunan kankare na nan Amurka, masu gaɓa-gaɓa, gaba da baya suna sukuwa kamar doki. Sannan ƙaramin rami ma sai an ji shi har a ƙashin baya. Shakazoba zan canja, ko in ƙara wa balan-balan iska?

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Baban Amira, kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka hau sikeli. Tashoshin manyan motoci suna da sikelin CAT, yana ba ka nauyin aksul na gaba daban, na baya daban. Ka auna sau biyu: da ɗakin a cike yadda ake tafiya da shi (ruwa, tukunyar gas, batura, abinci, mutane a kujerunsu, tankin mai a cike), sannan ba ɗakin. Ka kwatanta da takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, inda aka rubuta iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka da iyakar nauyin motar gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne lissafin tayoyinka. Taya mai wannan lamba, idan ajin E ce a ƙarfin ɗaukar kaya, iyakarta laba 3,640 a psi 80, wato kilo 1,650. Biyun baya kilo 3,300 ke nan, ba ƙari. Mu ƙaddara bayan motar ba kaya yana kilo 1,450, saura 1,850. Kilo 1,450 da ka gani a takardar ɗakin nauyinsa ne a bushe, ba ruwa ba kaya, sau da yawa ma ba a lissafa na'urar sanyaya ɗaki da rumfa da aka ƙara daga baya. Ruwa lita 150 kilo 150 ne. Ƙara gas da batura da tukwane da tufafi, cikin sauƙi ka kai 1,900. Kuma kusan duk nauyin irin wannan ɗaki a kan aksul na baya yake sauka. Ka ga kana bakin iyaka, ko ka ɗan haura.

Idan sikeli ya nuna ka haura, ba balan-balan ko sifirin da zai ƙara wa taya ko aksul ƙarfi. Suna ɗaga bayan mota ne kawai ya daidaita a ido. Mafita a nan rage kaya ce, ko tayoyi da rim masu ɗaukar fiye da haka. Masu komawa rim inci 19.5 suna samun ƙarfin ɗauka sosai, amma su sani tayar manyan motocin kaya ce mai taurin gefe, jijjigar da kake kuka da ita za ta ƙaru.

Iskar gaba kuma: psi 80 ta yi yawa a mafi yawan lokuta, domin ɗakin bai ƙara wa gaba wani nauyin kirki ba, wani lokaci ma rage shi yake. Teburin iska na wannan taya ya nuna laba 3,195 a psi 65. Raba nauyin aksul na gaba biyu, duba teburin, kada kuma ka sauka ƙasa da abin da takardar ƙofa ta ce. Wannan kaɗai zai sassauta bugun da ke zuwa ta sitiyari. Da safe ake auna iska, taya na sanyi. Idan ta yi zafi a hanya geji ya hau, kada a sace ta, haka ake so.

Mai Sifana:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan sikeli. Ni a kan balan-balan zan tsaya, don a nan mafi yawan tangaɗin yake.

Kuskure na farko shi ne haɗa su a bututu ɗaya. Mota ta shiga kwana, nauyi ya danne ɓangaren waje, iskar wannan ɓangaren sai ta gudu ta bututun ta koma ɗaya gefen. Wanda ya kamata ya tokare ya saki, wanda ya kamata ya kwanta ya ƙara turo bodi sama. Wato da kanka ka ba motar hanyar kwanciya. A raba su, kowanne da bututunsa da bakin ba shi iska. Wani amfanin raba su: idan gefen da firji da tankin ruwa suke ya fi nauyi, sai ka ƙara masa psi 5 ko 10 motar ta miƙe.

Na biyu shi ne psi 70. Leƙa ƙarƙashin motar da ɗakin a kai. A saman tarin sifirin ɗin baya za ka ga wani falle shi kaɗai, bakinsa biyu suna fuskantar wasu robobi da ke jikin shasi. Wannan fallen taimako ne, ba ya aiki sai kaya ya danne motar har ya taɓa robobin. Idan ka cika balan-balan har bayan ya koma tsayinsa na ba kaya, ka ɗage motar daga kan fallen, nauyin ya koma kan iska. Iska kuwa kamar ƙwallo take, ka danna ta dawo da kai. Ga shi a yawancin irin wannan haɗi balan-balan suna zaune ne ta ciki, kusa da tsakiyar mota fiye da sifirin, to tokararsu ga tangaɗi ba ta kai ta sifirin ba. Ka shafa alli a robobin ka zaga unguwa. Idan ka dawo allin bai goge ba, fallen hutawa yake.

Yadda za a saita: auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar baya, ba kaya, ka rubuta. Ɗora ɗakin, sauke iska zuwa psi 5 (kada a bar su ba iska sam, suna tsagewa), ka sake aunawa. Sai ka riƙa ƙara biyar-biyar har bayan ya daina nutsewa fiye da gaba, amma fallen taimako na nan a manne da robobinsa. Motar an ƙera ta bayanta ya ɗara gaba tsayi, saboda haka nutsewar inci biyu da kaya ba laifi ba ne. Galibi tsakanin psi 20 da 40 ake tsayawa. A fesa ruwan sabulu a mahaɗan bututu, inda ya yi kumfa nan ke yoyo.

Idan ratar da ke tsakanin fallen da robar ta yi yawa, akwai StableLoad na kamfanin Torklift da ke cike ta, sifirin ya fara aiki da wuri. Da za a fara daga farko, shi zan ce a sa kafin balan-balan. Timbren da SumoSprings su ma suna yi, a gurbin robar tokare aksul ake ɗaura su, ba ruwansu da yoyo, sai dai ba a saita su, kuma idan ba kaya za ka ji lokacin da aksul ya buge su a gargada.

Bayan wannan ka duba ko akwai sitabilaiza, wato sandar ƙarfe mai rage tangaɗi, a aksul na baya, don ba kowace ke zuwa da shi ba. In babu, ko siriri ne, Big Wig na Hellwig shi ne abin da aka fi sawa, kuma ga tangaɗi babu abin da ya kai shi. In akwai, duba bushin ɗinsa.

Ɗan Damagaram:

Malam Mai Sifana, ban ƙi ta taka ba, amma sukuwar gaba da baya ba ta sitabilaiza ba ce, ba ya taɓa ta ko kaɗan. Ita daga wuri uku take zuwa.

Tsakiyar nauyin ɗakin. Masu ƙera shi suna sa alama a gefensa. Alamar nan ta kasance a kan aksul na baya ko gabansa. In ta faɗa baya, gaban motar ya yi sauƙi, kowace gaɓar kankare sai ta ɗaga shi. A tura ɗakin ya matso gaba iyakar yadda zai yiwu ba tare da ya gogi kan motar ba, kaya masu nauyi su koma ƙasa kuma gaba, a sauke janareto ko kekuna da aka rataya a bayan ɗakin. Tankunan ruwan datti sau da yawa can baya suke, a zubar kafin a kama hanya.

Ɗauri. A shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a bodin, ba ledar roba mai santsi ba. Maɗaurai huɗu, na gaba su zama masu sifirin a ciki kuma su ja ɗakin gaba, na baya su ja shi baya. Torklift na cewa kimanin laba 300 a kowanne. Wanda ya ɗaure tamau don ya hana motsi, ƙarshenta ƙugiyar ce za ta tumɓuke daga jikin ɗakin, don shasi na murɗawa a hanya, ɗakin kuwa ba ya murɗawa.

Sai shakazoba, kuma a nan ne amsar tambayarka take, Baban Amira. Ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa kashe tsalle. In mota ta haye tudu ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ko ka ga mai ya jiƙe jikinsa, ya gama. Bilstein 4600 ya dace da motar da ba a ɗaga ba. Rancho RS9000XL yana da maɓalli mai mataki tara: bakwai zuwa tara a baya idan ɗakin na kai, a sauko uku ko huɗu idan an sauke shi. A canja huɗun tare. Kuma a gwada rage gudu ko ƙara shi kaɗan a titin kankaren; akwai gudun da tazarar gaɓoɓin ke dacewa da lilon motar, da ka kauce masa sai ta lafa.

Baban Amira:

Na gode, Allah ya saka. Sikeli ya ba da kilo 3,240 a baya, 2,300 a gaba, da ruwa cike.

Injiniya:

Amin. To kilo 60 kacal ya rage wa tayoyin baya, idan ma nauyin ya rabu daidai, kuma da wuya ya rabu daidai. Duba lambar aksul na baya a takardar ƙofa, mai yiwuwa ta gaza 3,300 ɗin, kuma ƙaramar lambar ita ce iyakarka. Bar baya a psi 80, yi tafiya da ruwa lita 40 ka cika idan ka isa, wannan ya sauke maka kusan kilo 110. Gaba kilo 1,150 ne kowace taya, bi abin da takardar ƙofa ta ce. Raba bututun da rage iskar balan-balan ka fara yi, ka gwada a hanya ɗaya da gudu ɗaya, kafin ka taɓa shakazoba. In ka canja abu uku rana ɗaya ba za ka san wanda ya yi aiki ba.