An ɗaure ƙanena kan satar kwamfuta a ofis, ɗaukaka ƙara za ta yi amfani?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Ƙanena mai shara ne a wani ginin ofisoshi. Kwamfuta ta ɓata a hawa na uku, aka ce shi ne don yana riƙe da makulli. Makon jiya alƙali ya same shi da laifin sata a cikin gini, ya ba shi shekara 2. Hujjarsu hoton kyamarar tsaro, mutum da hular sanyi, fuska ko alama ba ta fito ba, sai takardar amsa laifi da ya sa wa hannu bayan ya kwana biyu a hannun 'yan sanda. Mutum huɗu ke da makullin nan har da shi, ba a kira ko ɗaya daga cikin sauran shaida ba. In mun ɗaukaka ƙara, zan iya kawo sauran ukun?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya fitar da shi. Ki fara da wa'adi: kwanakin shigar da takardar ɗaukaka ƙara kaɗan ne, kuma tun ranar hukunci suke tafiya. Gobe lauya ya nemi kwafin hukuncin da rubutaccen bayanin zaman kotu.

Kotun sama ba sabuwar shari'a take yi ba. Takardun nan take karantawa, tana neman inda alƙali ya kauce. Da wuya ta saurari sabon shaida, sai an nuna ba yadda za a yi a samo shi a wancan lokacin, su ukun nan kuwa suna nan tun farko. Amma rashin kiransu makami ne. Mai gabatar da ƙara ke da nauyin kawar da shakku, ba ƙanenki ba, kuma makulli huɗu shakku ne babba.

Zulai:
Yaya, takardar nan fa? Lokacin da aka miƙa ta, lauyansa ya tashi ya ce dole aka yi masa? In ya yi shiru, da wuya su saurare ku a kanta yanzu.

Maman Hanif:
Ya tashi, ina zaune a kotun. Alƙali ya ce ya ji, ya karɓi takardar, aka wuce.

Abu Safwan:
To ki tabbatar maganar ta shiga rubutu, don abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗa ba ne. Ku haɗa da ƙorafi kan tsawon ɗaurin, ko ba a soke hukuncin ba ana iya rage shi. Beli kuwa, ku nema, amma kada ki sa rai sosai.