Abin da launin dasashi ke nunawa

A wata tattaunawa da muka yi kan lafiyar dasashi, an fara jaddada cewa baƙin dasashi halitta ce ga yawancin baƙar fata, ba ciwo ba. Canjin launi ne abin lura. Dasashin da ya koɗe yakan nuna ƙarancin jini, musamman ga mai juna biyu. In ya yi ja ya kumbura, har asuwaki na fitowa da jini, datti ne ya taru a gindin haƙori, sai likitan haƙori ya wanke.

Batun yara ne ya fi tayar min da hankali. Gyambo mai wari a dasashin yaro mai tamowa yana iya zama cutar noma, wadda ke cin fuska cikin 'yan kwanaki. A garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.