Neman shawara: Mindodin kakanmu na yaƙin Bama, a sayar ko a ajiye?

Jikar Ɗan Bama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe adakar ƙarfe ta kakanmu, wanda ya yi yaƙin Bama. A ciki akwai bajon hula na tagulla mai hoton bishiyar kwakwa da RWAFF a ƙasa, wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai baƙin gizo-gizo, mindodi biyu masu siffar tauraro, da wata mai kewaye, fara kamar kuɗi. Sai ɗan ƙaramin abin maƙalawa a riga, shi ma da kwakwar, da kakarmu take sawa a mayafi, da wata sarƙa mai babban kwabo da aka rubuta 1780. Wani dillali ya yi tayin kwashe su gaba ɗaya, wai nauyin azurfar zai saya. Yayanmu ya ce a sayar a raba. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Me muka riƙe ne, kuma nawa ne darajarsa?

Tsohon Saje: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan magabata. Kwakwar nan bajon Royal West African Frontier Force ce, rundunar da Turawa suka haɗa sojan Nijeriya, Gwalkwas (Gana ta yanzu), Saliyo da Gambiya a cikinta. Sai a 1928 aka ƙara mata "Royal", saboda haka naku bai girmi wannan shekarar ba. Gizo-gizon kuwa shi ne babbar shaida: alamar runduna ta 81 ce, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Da ta 82 ce, da kin ga māsu biyu a gicciye cikin gammo. Barikokin da kike ji, Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk sunaye ne da su kakanki suka dawo da su daga can. Kada ki bari a wanke ƙyallen nan, asu da wanki sun cinye yawancin irinsa.

Malamin Tarihi: Hajiya, duba gaban taurarin. Ɗaya zai ce The Burma Star, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe shuɗi da ratsin ruwan lemo. Ɗayan mai yiwuwa The 1939-1945 Star ne. Gaskiyar da ba za ta yi wa yayanku daɗi ba ita ce an raba irin waɗannan da yawan gaske, kuma galibi ba a buga sunan kowa a jikinsu ba, don haka a hannun masu tara kayan tarihi ba su da tsada. Jabunsu ma sun cika kasuwa. Abin da ke ɗaga su shi ne a san na waye. Ku sake zazzage adakar ku nemi takardar sallama, ko littafin fansho, ko hoto da kaki, duk abin da ke ɗauke da lambarsa ta soja. Mindodi tare da takarda da bajo da ƙyalle na mutum guda sun fi a warwatsa su daraja nesa ba kusa ba.

Sannan ki juya mai kewayen ki dubi bakinta. In akwai lamba da suna da muƙami a buge, to mai yiwuwa ta girmi yaƙin Hitila: ko ta yaƙin 1914, ko ma Africa General Service, wadda ake maƙala wa ɗan ƙarfe mai rubutu irin su N. Nigeria 1903. Waɗannan azurfa ne, kuma su masu tarawa ke nema. In bakin sumul yake, kan Sarki Joji na Shida a gaba, zaki a kan dodo a baya, War Medal ce ta 1939-1945.

Maƙerin Fari: In ita ce ta ƙarshen da Malam ya faɗa, ba azurfa ba ce, gamin jan ƙarfe da nikel ne. Dillalin nan ya san haka. Ba nauyi ya zo saye ba, ƙaramin abin mayafin da kwabon sarƙar yake hari. Ki ɗauki hoton bayan abin mayafin da waya ki zuƙo shi. Ɗan zaki yana tafiya na nufin azurfa ce 925, anka ta jirgin ruwa na nufin a Birmingham aka tantance ta, harafi guda a gefe kuma shi ke nuna shekara. In kin ga 375, zinariya ce mai karat 9. Hafsoshin Turawa ne suka fi sayen irinsa su ba matansu, ba kayan da gwamnati ke rabawa ba ne. Kwabon kuwa liyari ne na Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya ta da, azurfa ce ta gaske, wajen giram 28, amma kar 1780 ɗin ta ruɗe ki, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Huda shi da aka yi ya rage masa kuɗi. Kuma don Allah ban da toka, ban da lemon tsami, ban da tsamiya. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.

Ɗan Zangon Kumasi: Nan ma gidajen tsofaffin soja akwai kwakwar, don sojan Gwalkwas ita suke sawa, kuma Hausawa da yawa ne a cikinsu. Bajon kaɗai ba zai gaya miki bataliyarsa ba, yaya.

Gwaggon Marayu: Ku kun tsaya kan ƙarfe, ni gadon nake ji. Kayan nan na magada ne duka, ba na yayanku kaɗai ba, ba kuma naki ba. A kai wa masu kimantawa biyu da ba su san juna ba, gaban shaidu. Wanda yake son ajiyewa ya biya sauran rabonsu. Ki tambayi malamin da ya raba muku gadon.

Jikar Ɗan Bama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bakin mindar sumul yake, amma akwai zakin da ankar a bayan na mayafin. Mun kuma samu wani ɗan littafi mai lambarsa a cikin aljihun gafakarsa, sai dai shafukan sun manne. Baba Saje, in kai shi ofishin 'yan mazan jiya haka, ko in gwada buɗewa?

Tsohon Saje: Kar ki ɓamɓare shi. Sa shi a ambulan ta takarda, ba leda ba, ki kai wa ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na Kaduna su duba. Ki kwafe lambar a wani wuri tukuna.