The Shins: ƙungiya ce har yanzu, ko James Mercer ne shi kaɗai?

Abdul-Basit, Nima

Assalamu alaikum, yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wasu mawaƙan Amurka da ake kira The Shins, masu kiɗan rok irin na waɗanda suka taso a hannun ƙananan kamfanonin faifai. Na lura cewa mutanen da ke cikin hotunansu na farkon shekarun 2000 ba su ne ke cikin na 2012 ko na 2017 ba, in ban da mai rera waƙar, James Mercer. Wasu suna rubuta cewa tuni abin ya tashi daga ƙungiya ya koma aikin mutum ɗaya, wanda yake ɗaukar makaɗa haya duk lokacin da zai fita rangadi. Ina roƙon wanda ya san tarihinsu ya warware mini yadda aka yi, ya kuma gaya mini ko daidai ne mutum ɗaya ya riƙe sunan da mutum huɗu suka sha wahalarsa. Abin da ya sa na damu shi ne, mu ma mu huɗu ne muke gwajin kiɗa a wani ɗaki a Mamobi, nan Accra, kuma ɗaya daga cikinmu ne yake tsara kusan duk abin da muke rerawa.

Inusa, Sabon Zongo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka tana cikin yadda aka kafa ƙungiyar tun farko. A garin Albuquerque na jihar New Mexico akwai wata ƙungiya mai suna Flake Music, wadda ta ƙunshi James Mercer, da Jesse Sandoval mai ganga, da Marty Crandall, da Neal Langford, har sun fitar da faifai a 1997. Ita wannan ƙungiya ce ta gaske, wadda ake haɗuwa a ɗaki ɗaya a yi ta kaɗawa har waƙa ta fito. A 1996 Mercer ya fara wani aiki na gefe domin waƙoƙin da yake tsarawa shi kaɗai, gajeru masu sauƙin kamawa, ya sa masa suna The Shins, ya kuma jawo Sandoval ya riƙa buga masa ganga. Da Flake Music ta watse, sai sauran abokan suka dawo ƙarƙashin sabon sunan. Ka ga ke nan mutanen ba su canza ba, amma ragamar ta koma hannun mutum ɗaya, kuma wannan ya faru ne tun kafin duniya ta san da su.

Kamfanin Sub Pop na Seattle, wanda ya fara fitar da Nirvana, shi ya ɗauke su, ya fitar da faifansu na farko, Oh, Inverted World, a 2001. Mercer ne ya rubuta waƙoƙin, kuma mafi yawan aikin ɗaukar muryar da kiɗan a gidansa ya yi shi da kwamfuta. Bayan sun koma garin Portland na jihar Oregon suka fitar da Chutes Too Narrow a 2003, lokacin Langford ya bar su, Dave Hernandez ya karɓi jitar bas. Abin da ya fito da su sarari shi ne fim ɗin Garden State na 2004, inda a ɗakin jiran likita Natalie Portman ta cire abin sauraro daga kanta ta miƙa wa jarumin fim ɗin, tana gaya masa cewa waƙar New Slang, wadda ke cikin faifansu na farko, za ta canza masa rayuwa. Wannan ɗan gajeren wuri ya sa mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba suka shiga neman faifan da ya riga ya shekara uku a kasuwa. Da faifai na uku, Wincing the Night Away, ya fito a watan Janairun 2007, sai ya shiga jadawalin Billboard, na faya-fayen da suka fi kasuwa a Amurka, a matsayi na 2, ya sayar da kwafi fiye da 100,000 a makon farko, abin da Sub Pop bai taɓa gani ba kafin nan, aka kuma sa shi cikin masu takarar lambar Grammy.

Daga nan ne aka rabu. Kwantiraginsu da Sub Pop ta ƙare, Mercer ya kafa nasa ƙaramin kamfani mai suna Aural Apothecary, kuma a 2009 aka ga The Shins a dandamali babu Crandall babu Sandoval, an sa Joe Plummer na ƙungiyar Modest Mouse a kan ganga. Mercer ya ce dalilinsa na fasaha ne, yana son wani irin sauti da ke buƙatar wasu hannuwa. Sai ya ajiye sunan na ɗan lokaci, ya haɗu da furodusa Danger Mouse suka fitar da faifai da sunan Broken Bells a 2010. Lokacin da Port of Morrow ya fito a 2012 ta hannun kamfanin Columbia, shi kaɗai ya rage daga mutanen farko, kuma Heartworms na 2017 kusan duka shi ya tsara shi ya kuma kula da ɗaukarsa. A ganina bai ƙwace wa kowa komai ba. Ya dai daina ɓoye abin da dama tun 1996 haka yake.

Ramatu, Madina

Yaya Inusa, tarihin da ka kawo daidai ne, amma hukuncin da ka yanke a ƙarshe ban yarda da shi ba. Idan da gaske aikin mutum ɗaya ne, me ya hana shi sa wa faifan sunansa tun ranar farko? A wajenmu babu wannan ruɗani. Ana cewa Mamman Shata, kowa ya san akwai makaɗan kalangu da 'yan amshi a bayansa, su ma sun san matsayinsu tun ranar da suka bi shi, ba wanda aka yaudara. Shi kuwa Mercer ya zaɓi suna na jam'i, ya tsaya a hoto kafaɗa da kafaɗa da abokansa, suka yi shekaru suna kwana a mota ɗaya daga wannan gari zuwa wancan lokacin da babu ko sisi, sai da abin ya yi albarka sannan aka tuna cewa ashe mai ganga bai iya irin bugun da ake so ba. Sandoval ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa shi dai a fahimtarsa korarsa aka yi, kuma keken sayar da abinci ya buɗe a Portland. Sana'a ce ta mutunci, ban raina ta ba, amma mutumin da ya buga ganga a faifan da ya kai matsayi na 2 a Amurka bai kamata a sallame shi kamar ɗan ƙwadago ba.

Ina zuwa bukukuwan aure a Nima da Fadama, ina kuma kallon yadda liƙi yake tafiya. Mata suna tasowa da sababbin takardun sidi biyar-biyar da goma-goma, su nufi mai riƙe da makirfo su manna masa a goshi, yaro yana tsugune yana tsincewa cikin leda. Mai ganga yana can baya kusa da lasifika, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ba wadda ta ko dubi wajensa. Amma da zai ɗaga hannu na minti ɗaya, da filin rawar ya watse. Wanda ya ce waƙa ta mai rubutawa ce kaɗai bai tsaya ya ji abin da ke sa ƙafa motsi ba.

Mu duba ƙungiyar mawaƙan VIP da suka fito daga nan Nima. Da Promzy ya fita a 2013 kuma Reggie Rockstone ya shigo, sun ƙara harafi ɗaya suka koma VVIP, domin mai sauraro ya san cewa tafiyar ta canza. Wannan ya fi mini kama da gaskiya.

Alhaji Mumuni, Fadama

'Yata Ramatu ta taɓo zuciyar maganar, sai dai ina so in ƙara bayanin kuɗi, domin a nan ne yawancin ƙungiyoyi suke karyewa, kuma shi ne abin da zai amfani Abdul-Basit da abokansa. Kowace waƙa da aka ɗauka tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi yake hannun kamfanin faifai, makaɗa su samu kasonsu daga ciki bisa yarjejeniya. Duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, kuɗin haƙƙi na farko yana zuwa ne ga wanda aka rubuta sunansa a matsayin marubuci, ko da shekara hamsin ta wuce. Idan aka saya ta domin fim ko talla, kamar yadda McDonald's suka yi amfani da New Slang, ana biyan ɓangarorin biyu, amma marubucin yana da nasa kason daban wanda ba ya raba shi da sauran makaɗan. Saboda haka a ƙungiyar da mutum ɗaya yake rubuta komai, bayan faifai uku masu kasuwa za ka tarar ɗaya ya yi nisa, sauran kuma rayuwarsu ta dogara ga kuɗin rangadi. Daga wannan lokaci, ko ba a faɗa ba, akwai maigida akwai yaransa.

Wasu sun hango haka tun da wuri. 'Yan ƙungiyar R.E.M., waɗanda su ma suka fara a ƙaramin kamfani a jihar Georgia, sun riƙa rubuta sunayen dukkansu a kan kowace waƙa, ko wane ne ya kawo ta, suka kuma zauna tare daga 1980 har 2011 ba tare da sun kori kowa ba. Mai gangarsu ya bar su a 1997 don kansa, kuma ba su sa wani a gurbinsa a matsayin cikakken ɗan ƙungiya ba.

Amma kada Malam Inusa ya ɗauka cewa rubutu ne kaɗai yake ba mutum suna. Ƙungiyar Panic! at the Disco ta Las Vegas ta nuna akasin haka. Ryan Ross ne ya rubuta baitocin faifansu na farko, amma shi ne ya fita a 2009, mai rera waƙar, Brendon Urie, ya ci gaba da sunan har ya rage shi kaɗai, ya kuma rufe shi a 2023. Jama'a murya suke bi, kamfani kuma yana bin inda jama'a suka bi. Mercer ya haɗa biyun, alƙalami da murya, shi ya sa babu wanda yake da abin ja da shi. Game da tambayar Ramatu kuwa, dalilin riƙe sunan na kasuwa ne. Mai shirya wasa ya san yawan tikitin da The Shins za ta sayar, bai san na James Mercer ba.

Abdul-Basit, ɗana, shawarata ita ce ku zauna yanzu da babu abin faɗa a kai, ku rubuta a takarda wane ne mai sunan, yadda za a raba haƙƙin kowace waƙa, da abin da wanda ya fita zai tafi da shi. Idan kun je yin rajistar waƙoƙinku a GHAMRO, hukumar karɓa wa mawaƙan Ghana kuɗin haƙƙinsu, sunayen da kuka bayar da kason kowa su ne za a bi wajen biya, ba abin da kuka yi wa juna alkawari da baki ba.

Inusa, Sabon Zongo

Na gode, Alhaji, misalin Panic! at the Disco ya rage wa hujjata ƙarfi. Ramatu, ƙanwata, ban musa cewa yadda aka rabu da Sandoval bai yi kyau ba, domin abokin shekara goma sha wani abu ya cancanci a zauna da shi ido da ido. Abin da nake so a ƙara a ma'auni shi ne, Crandall da Hernandez sun dawo sun yi kiɗa a wasu waƙoƙin Port of Morrow, wato ba duka zumuncin ne ya yanke ba.

Akwai kuma wurin da kunne yake goyon bayanki. Wanda ya saurari Chutes Too Narrow zai ji mutum huɗu da suka saba da juna, ganga tana ɗan gaggawa, jita a bushe ba kwalliya, muryar tana hawa sama kamar za ta tsinke. Port of Morrow, wanda Greg Kurstin ya taya shi tsarawa, an goge shi tas, kowane sauti yana zaune a inda aka ajiye shi, kuma ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na 3, amma ni ban cika komawa gare shi ba. Heartworms ya fi kusa da zuciyar Mercer, musamman waƙar Mildenhall, inda yake ba da labarin ƙuruciyarsa a Ingila lokacin da aka tura mahaifinsa, sojan saman Amurka, aiki can, da yadda ya fara koyon jita. Irin wannan waƙa ta mutum ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuma da wuya ya rubuta ta a zamanin da yake magana da yawun mutum huɗu. Abdul-Basit, ka saurari faifan 2003 da na 2017 a jere, ka sa kunne a kan gangar musamman, sannan ka dawo ka gaya mana wanne ɓangare ka bi.