Tanki da Famfon Mai Ga Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

An daɗe ana ja-in-ja kan irin tanki da famfon mai da suka dace da motar da aka ƙara wa ƙarfi, amma bakin masu gyaran motocin gudu ya zo ɗaya kan cewa injin ne ke zaɓar famfo. Kafireta na son matsin mai kaɗan, PSI 5 zuwa 7 (PSI ma'aunin matsi ne), injin mai injekta kuwa kusan 43 ko sama. Da yawa sun ambaci famfon kamfanin Walbro mai tura lita 255 a awa ɗaya. Mai amfani da E85, wato man da mafi yawansa ethanol ne aka gauraya da fetur, ya ƙara kusan kashi 30 cikin 100 a lissafin man da famfo zai tura.

Mafi rinjaye sun fi son famfon cikin tanki, domin mai na sanyaya shi, kuma ba ya yawan ƙara. Wanda ya nace kan na waje, ya ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa da matakin mai, saboda famfo gwanin turawa ne, ba ja ba.

Inda aka fi tsayawa a muhawarar shi ne lokacin da mota ke shan kwana. Idan mai ya ragu, sai ya karkata gefe, famfo ya zuƙi iska, mai ya yi wa injin kaɗan, injin ya yi zafi ya ci fistan. Maganinsa tanki mai shingaye a ciki, ko ƙaramin tankin ajiya da ke riƙe wa famfo mai. A ganina wannan ya fi babban famfo muhimmanci.

Dole ne famfo ya samu waya mai kauri da rile (makunnin lantarki) nasa daban.