Wa ya kalli kakar Caitlin Clark ta ƙarshe a Iowa? Ku zo mu tuna

Ɗaliba a Iowa City:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so waɗanda suka bi wasannin Caitlin Clark, 'yar ƙwallon kwando ta jami'ar Iowa da ke Amurka, a shekararta ta ƙarshe su ba mu labarin inda suka kalla da abin da ya tsaya musu a rai. Bari in fara. Daren 15 ga Fabrairu 2024 Iowa ta kara da Michigan a zauren Carver-Hawkeye. Tikiti ya fi ƙarfina, sai muka cika falon masaukin ɗalibai. Maki 8 kacal ya rage mata ta wuce 3,527 na Kelsey Plum, wadda a lokacin ke riƙe da tarihin yawan maki na mata a babban rukunin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, mu kuwa muna zaton sai wasa ya yi nisa. Ina! Minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ta gama da batun, ita ta ci maki 8 na farko na Iowa gaba ɗaya. Na ƙarshen ta jefo shi ne daga kusa da tambarin da ke tsakiyar fili, nesa da layin maki uku. Ɗakin ya ruɗe, har wata baiwar Allah da ban taɓa yi wa magana ba ta rungume ni tana hawaye. Ta tashi da maki 49 a daren.

Direban tasi a Minneapolis:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni aiki ya haɗa ni da ita. Ranar 28 ga Fabrairu Iowa ta zo nan ta buga da Minnesota, na wuni ina jigilar mutane zuwa Williams Arena. Yawancinsu iyaye ne da 'ya'yansu mata, kowace sanye da riga mai lamba 22, lambar Caitlin. Wani dattijo da na ɗauka shi ya fara gaya min sunan Lynette Woodard, wadda ta ci maki 3,649 a jami'ar Kansas daga 1977 zuwa 1981. A zamaninta hukumar NCAA ba ta riƙe da wasannin mata, shi ya sa ba a sa adadinta a littafin hukumar ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Mace ta yi wannan bajinta, shekara arba'in ana tsallake sunanta! A daren nan Caitlin ta wuce ta, kuma dalilin haka ne irina muka san da Woodard.

Tsohon malamin wasanni:
Ni na 3 ga Maris na kalla, da Ohio State, ranar da ta wuce maki 3,667 na Pete Maravich, mai riƙe da tarihin maza, da jifa biyu na kyauta, irin da ake bayarwa idan an yi keta, gab da hutun rabin lokaci. Na yi murna, amma a faɗi gaskiya: Maravich a kaka uku ya tara nasa a jami'ar LSU ta jihar Louisiana, babu layin maki uku a lokacin.

Ɗaliba a Iowa City:
Haka ne Baba, ban musa ba. Sai dai a tuna ita ba jifa kaɗai take yi ba. A shekarunta huɗu a Iowa, sau 1,144 ta miƙa ƙwallo wata ta zura a kwando, ga nata maki 3,951. Wanda ya kalle ta sosai ya san miƙawar nan ta fi rikita abokan karawa.

Tsohon malamin wasanni:
Wannan kam na sallama miki, 'yata. Idonta na ganin fili kafin a buɗe shi.

Uwa a Kano:
Ni wasan ƙarshe na cin kofi kawai na samu, da South Carolina, 7 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi. Ƙarfe takwas na dare aka fara a agogonmu. 'Yata mai buga ƙwallon kwando a makarantarsu ta roƙe ni aron waya, na zauna kusa da ita ina tsinke zogale. Caitlin ta ci maki 18 a zangon farko cikin huɗu kaɗai, yarinya sai tsalle take. Daga baya South Carolina ta danne su, 87 da 75, ita da ma ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar. 'Yata ta yi kuka sosai, don karo na biyu ke nan a jere da kofin ya kuɓuce wa Iowa, bayan LSU ta doke su a 2023. Daga baya muka ji cewa kusan mutum miliyan 19 suka kalli wasan a Amurka, ya fi na maza yawan 'yan kallo. Ta kai wa babanta labarin da kanta. Shi da ke cewa wasan nan ɓata lokaci ne, cikin kayan sallarta ya haɗa mata da takalmin wasa.

Direban tasi a Minneapolis:
Allah ya raya ta, Hajiya. Tawa ma shekararta tara, yanzu kowace Asabar sai na ajiye mota na kai ta atisaye.